Barkonon Da Saudatu Ta Hana Sayarwa

Gwaggo Ummukulthum ba ta taɓa son auren nan ba, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba. Ita ta raini Awaisu tun rasuwar mahaifiyarsa, kuma ta daɗe da ajiye masa 'yarta Bahijja a zuci. Ranar da ya zo mata da zancen Saudatu, 'yar Malam Jibo mai shanu ta Jajaye, ko gaisuwarsa ta daina amsawa. Daga baya kawunnansa suka fi ƙarfinta, aka kai kayan sa-rana, aka tsayar da biki bayan an gama yankan dawa.

Shi ya sa da ya dawo daga firamaren da yake koyarwa a Karaye ya tarar da ita tana ta fara'a, sai gabansa ya faɗi.

"Zauna, ɗan nan," in ji ta. "Na je kasuwar Rogo."

"Allah ya sa an yi ciniki, Gwaggo."

"An yi. Har da wanda ban je yi ba. Na ga amaryar taka a rumfar masu kayan yaji."

Awaisu ya yi murmushi. "To ai mai barkono ce, Gwaggo. Ina za ta je in ba can ba?"

"Citta kwano guda ta auna. Ga kanumfari, ga masoro, ga kimba, ta haɗa har da kanwa ungurnu. Ina tsaye a bayanta ba ta gan ni ba." Gwaggo ta matso kusa, ta rage murya. "Yajin tuwo ake auna wa citta da kwano? Yajin jego ne, Awaisu. Ni da na yi wa mata wankan jego har hannuna ya yi kanta, ba za a ɓoye min wannan ba."

"Wataƙila wata a danginsu ce ta kusa haihuwa."

"Na bincika. Babu. Ita kaɗai ta rayu wa uwarta, kuma duk dangin Jibo babu mai ko ɓatan wata. Sannan matar Lado mai shayi ta gan ta da idonta a ƙofar asibiti ranar awo, ita da uwarta. Uwar ce ta rako ta, don a rufa asiri. Ka san motar wa ta sauke su?"

Ya girgiza kai.

"Motar Mijinyawa."

Mijinyawa dillalin kayan miya ne, mai bin ƙauyuka da a-kori-kura yana sayen busasshen barkono da tattasai yana kaiwa Kano. Shi ya fara neman Saudatu kafin Awaisu, kuma har yau bai yi aure ba.

"Gwaggo, ki ji tsoron Allah. 'Yar mutane ce."

"Tsoron Allah ne ya sa na gaya maka tun kafin a ɗaura. In ƙarya nake, ka tambaye ta me ya sa bana ta ƙi sayar da barkononta, ga shi yana ta tsada."

Ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya zauna a bakin katifa da takalmansa a ƙafa. Ya so ya ce sharri ne. Amma abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Da can in ya je zance, mahaifiyarta Inna Adama kan fito har zaure su gaisa, ta sa a kawo masa nono. Yanzu daga cikin ɗaki take amsa gaisuwarsa. Saudatu kuwa ta rame a fuska, hira ba ta nisa sai ta ce ana nemanta a ciki. Ya taɓa tambayarta zancen barkonon, ta ce, "Akwai abin da zan yi da shi," ta sauya magana.

Ya ɗauki waya ya nemo lambarta. Ya daɗe yana kallon sunan, sannan ya ajiye.

* * *

Washegari Asabar ce, babu makaranta. Hantsi bai gama ɗagawa ba ya hau mashin ya kama hanyar Rogo, daga nan ya saki titi ya bi burji zuwa Jajaye.

Lambun Saudatu yana jikin katangar gidansu ta baya, an kewaye shi da zana saboda awaki. Da hannunta ta yi renon irin a tsohon baho, ta dasa shi farkon damina, ta riƙa zuba masa takin shanun babanta. Yanzu ruwa ya ɗauke, bishiyoyin sun yi nauyi, ja ya rinjayi kore.

Ya same ta a durƙushe tsakanin kunyoyi da ƙwarya a gefenta, sanye da wani zurmemen hijabi. Idonsa ya tsaya a kan hijabin fiye da yadda ya kamata.

"Salamu alaikum."

Ta ɗago a firgice, sannan ta saki fuska. "Wa alaikumus salam. Malam, kai ne da hantsin nan? Ko waya babu. Ina kwana? Ya hanya? Ya su Gwaggo?"

"Lafiya lau. Ya Inna? Ya labarin Baba?"

"Inna tana ciki. Baba sun yi gaba da shanu, sun yi waya sun sauka lafiya. Bari in kawo maka ruwa."

"Bar shi. Taya ki aiki na zo yi."

Ya durƙusa ya kai hannu kan wani barkono, ta yi saurin tare shi.

"Ba wannan ba, ka ga gindinsa da sauran kore. In ka tsinke shi yanzu, a shanya baƙi zai yi. Wanda ya yi ja har hanci za ka ɗauka. Kuma ka tsinko shi da hancinsa, kar ka fizge, in ya fashe ruɓewa yake yi."

Suka yi ta tsinka. A gefen lambun ta kafa wata 'yar rumfa ta kara, ta shimfiɗa tabarmi a samanta inda kaji ba sa kaiwa. Tabarma ɗaya na ɗanye ne mai sheƙi, ta biyu ya fara yamushewa, ta uku kuwa ya bushe ƙayau ya koma ja mai duhu. Ta je ta juya su da tafin hannu, ta tsince waɗanda suka yi fumfuna ta watsar bayan zana, ta ɗauki ɗaya daga busassun ta kaɗa a kunne ta ji 'ya'yan suna motsi.

A ƙarƙashin rumfar akwai turmi da taɓarya, da tulu biyu da aka ɗaure bakinsu da tsumma. Ƙamshin kimba da citta ya cika wurin. Awaisu ya san ƙamshin nan. Shi ne ƙamshin ɗakin kowace mai jego da ya taɓa shiga yi wa barka.

"Bana kin samu da yawa," in ji shi.

"Alhamdu lillahi."

"Na ji ana ta nemansa a kasuwa. Mijinyawa bai zo taya ba?"

Hannunta ya tsaya a kan tabarmar. "Ya zo. Na ce ba na sayarwa ba ne."

"Yana yawan zuwa ke nan."

"Sana'arsa ce bin gidaje, Malam."

"Har da kai mutane asibiti?"

Saudatu ta juyo gaba ɗaya. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, kamar yau ta fara ganinsa.

"Wa ya aiko ka?"

"Babu wanda ya aiko ni. Tambaya na yi."

"A'a, ba tambaya ka yi ba. Tun da ka shigo ba fuskata kake kallo ba. Na lura, na ce ko idona ne." Ta kakkaɓe hannunta. "Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya nuna tulunan. "Yajin wa kike dakawa, Saudatu?"

"Ba zan iya gaya maka ba."

"Ni? Ni da aka sa mana rana?"

"Kai ɗin. An ba ni amana, na yi rantsuwa. Ka yi min haƙuri zuwa ɗan lokaci, wallahi da bakina zan gaya maka, har ma ka yi dariya."

"Dariya? Garinmu ana yawo da sunanki a baki, ke kina cewa dariya?"

"Me ake cewa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza wani barkono a tsakanin yatsunsa har ya fashe.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba saboda hannunta duk yaji ne. "Na gane. To kai me ka ce musu? Da aka faɗa a gabanka, me ka ce?"

"Na ce a ji tsoron Allah."

"Sannan ka kwana, ka tashi, ka hau mashin ka zo duba ni."

"Saudatu, ki sa kanki a matsayina. Kin daina sakewa da ni. Inna ta daina fitowa. An gan ki a layin awo. An gan ki a motar mutumin da ya taɓa nemanki. Ga wannan kuma. Kalma ɗaya nake nema, ki ce na wance ne, shi ke nan in koma in rufe bakin kowa."

"In na ce na wance ne, sai ka je ka tabbatar ko wancen tana da ciki. Ko ba haka ba?"

Kafin ya amsa suka ji tsayuwar mashin a ƙofar gida, sai kuma muryar da dukansu suka sani tana sallama da ƙarfi, irin sallamar da ake so maƙwabta su ji.

Saudatu ta dube shi. "Ka ce babu wanda ya aiko ka."

"Wallahi ban san za ta zo ba."

Ya ga a fuskarta ba ta yarda ba.

* * *

Gwaggo Ummukulthum ba ta shiga gidan ba. Ta zagayo ta bayan katanga ta turo ƙyauren lambun, tana gyara mayafi.

"Na san nan zan same ka. Na ce bari in biyo sawu, kar a yi maka kuka biyu ka dawo min da labari."

Saudatu ta durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa, Gwaggo. Ina kwana? An zo lafiya?"

"Lafiyar ke nan." Ta wuce ta kai tsaye zuwa rumfar, ta kwance bakin tulu ɗaya, ta lakato yajin ta ɗanɗana. Ta gyaɗa kai. "Hannunki da kyau, ba a hana ki ba. Har man gyaɗa kin ɗiga don kar ya tashi. Wa ya koya wa budurwa haɗin jego haka?"

"Inna ce."

"Ai dole. To ni ba faɗa na zo yi ba, 'yar nan. Magana ɗaya ce. Ga ɗan acaɓa can yana jira. Ki sako takalminki mu je asibiti, ba wanda kuka saba zuwa ba, wani daban, a duba ki a gabana. In babu komai, ni Ummukulthum zan durƙusa a tsakiyar kasuwar Rogo in ba ki haƙuri. In kuwa kin ƙi, yau ɗin nan zan aiko a kwashe mana kayanmu."

Saudatu ba ta dubi Gwaggo ba. Awaisu ta duba.

"Malam, kai ma kana so a je?"

Ya buɗe baki. Yana so ya ce a'a. Yana so ya ce wa Gwaggo ta hau mashin ɗinta ta koma. Amma wani abu a ƙasan zuciyarsa yana raɗa masa cewa in aka je, shi ke nan zai samu barci. Ya dubi tulun, ya dubi ƙasa.

"Tambayarka nake, Malam."

"In an je ɗin... ai kowa ya huta, Saudatu. Don mutuncinki ne."

Ta lumshe ido. Hawayen da ke zuba suka tsaya cak.

"To," in ji ta. "Bari in wanke hannu."

"Babu inda za ki."

Duka suka juya. Akwai wata 'yar ƙofa da ta haɗa lambun da cikin gida, a nan Inna Adama take tsaye, ta dafa bango da hannu ɗaya. Babu lulluɓin da ta saba yi, daga ita sai zani da riga. Cikinta ya fito sosai, ya yi ƙasa, ƙafafunta sun kumbura har sun cika silifas.

Gwaggo ta saki tsumman da ke hannunta.

"Inna, don Allah ki koma ciki," in ji Saudatu, ta ruga ta riƙe ta. "An ce kar ki daɗe a tsaye."

"Sake ni, Saudatu."

Yarinyar ta yi turus. 'Yar fari ce, tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba sai yau.

Inna Adama ta tako a hankali har gaban Gwaggo. Kunya ta sa ba ta iya ɗaga ido, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ummukulthum, ga mai yajin. Dube ni da kyau, ki je ki ba da labari daidai. Tun bayan wannan yarinyar ciki ba ya zama a jikina. Na binne, na yi ɓari, har na fidda rai. Sai da aka sa ranar 'yata Allah ya kawo wannan. Da wane ido zan dubi surukai, ana shirin kai 'ya ɗaki uwa tana shirin wankan jego? Ga tsoron baki, ga tsoron kar ya sake zubewa a yi ta min jaje. Ni na sa ta rantse. Ni na ce ko mijin da za ta aura kar ya ji."

Ta numfasa, ta share zufa da gefen zani.

"Ita ke ɗebo ruwa, ita ke daka, ita ke girki, ita ke kai ni awo. Ta hana kanta sayar da barkonon da za ta yi kwanukan ɗakinta da shi, don kar in haihu babu yaji a gidan. Wannan ita ce wadda kika zo ɗauka a duba."

Gwaggo ta yi ta motsa baki. "Adama, ni fa... ai abin da aka gani ne. Ga motar Mijinyawa kuma..."

"Mijinyawa a hanya ya same mu, jiri ya kayar da ni a bakin burji. Ya sauke buhunansa ya ɗauke mu. Ya ga halin da nake ciki da idonsa. Daga ranar duk awo sai ya zo ya tsaya a bayan gida ya kai mu. Bai taɓa tambaya ba, kuma ga shi har yau ko ku ba ku ji daga bakinsa ba."

Awaisu ya zube a kan gwiwoyinsa a tsakanin kunyoyin.

"Inna, ki yafe min. Wallahi sharrin Shaiɗan ne."

"Ni ba ka yi min komai ba, ɗana. Laifina ne da na ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta." Ta juya, Saudatu ta kama ta ta raka ta har cikin gida.

Gwaggo ta tsaya tana kame-kame, ta mayar da tsumman bakin tulun ta ɗaure a karkace. "To ai sai a yi hamdala," in ji ta a hankali. "Gara da aka bincika. Tashi mu tafi, ɗan nan."

"Ki je, Gwaggo."

Ta dube shi, ta ga fuskar da ba ta taɓa gani ba, ta fice.

* * *

Ya daɗe a durƙushe kafin Saudatu ta dawo. Ta wanke fuska, ta wanke hannu. A tafinta akwai wayar da ya saya mata da zoben azurfar da ya sa aka ƙera mata a Karaye.

"Saudatu, don girman Allah..."

"Tashi, Malam, kana taka min shuka."

Ya miƙe. Ya kai hannu zai share ido, yajin da ke yatsunsa ya shige su, hawaye suka ɓalle masa sosai. Ta ɗauko butar da ke gindin rumfa ta zuba masa ruwa ya wanke, ta jira har ya iya buɗe ido.

"Na yi kuskure," in ji shi. "Kishi ne. Sonki ne ya jawo. Da ba na sonki da ban damu ba."

"Na sani. Ban ce ba ka sona ba." Ta ajiye butar. "Gwaggo ba ta ba ni mamaki ba, ita dama ba ta taɓa cewa ta yarda da ni ba. Zuwanka ma ban riƙe ba, kowa aka gaya wa irin wannan sai ya ji wani abu. Amma na tambaye ka a gabanta. Da ka ce a'a, ko da zuciyarka tana wasi-wasi, da na riƙe maka wannan har in mutu."

"Ki ba ni dama in gyara."

"Yau Inna ta fito ta wanke ni. Ka ga yadda ta fito, abin da ta yi watanni tana gudu. Gobe in muna Karaye aka sake kawo maka wata maganar, wa zai fito?"



Ta miƙa masa wayar da zoben. Ya mayar da hannayensa baya, sai ta ɗora su a kan sirdin mashin ɗinsa da ke jingine a jikin zana.

"Ba na ce na fasa ba. Wannan ba maganata ba ce ni kaɗai. In Inna ta sauka lafiya Baba zai dawo suna, zan zauna da shi in gaya masa duk abin da ya faru yau, da abin da Gwaggo ta ce, da abin da ka ce. Kafin nan kar ka zo, kar ka aiko."

"In ya tambaye ki ra'ayinki fa? Me za ki ce masa?"

Ta dube shi, idanunta sun yi ja.

"Da safen nan na san amsar, Malam. Yanzu ban sani ba."

Daga can bakin hanya aka ji ƙugin a-kori-kurar Mijinyawa tana tahowa a hankali, ta rage gudu daidai kwanar gidan. Saudatu ba ta waiwaya ba. Ta tura masa ƙyauren lambun ta riƙe, tana jira ya fita.